Mazubin abincin tsuntsaye

Mazubin abincin tsuntsaye wani abu ne da ake zuba hatsi ko tsaki ko dusa a cikinsa, a ajiye shi a ƙasa, ko a rataye, ko a ɗora bisa sanda, domin tsuntsaye su zo su ci. A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa ana kafa shi a lambun gida saboda tsuntsayen daji, musamman lokacin sanyi da ƙanƙara ke rufe ƙasa. A ƙasar Hausa kuwa, kamar a ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin jihar Jigawa, tsuntsayen gida ake ciyarwa, wato kaji da zabi da tantabaru da agwagi. Mazubinsu yakan kasance kasko, ko tsohon kwano, ko jarkar da aka yanke.

Duk inda aka ajiye hatsi a fili, kurege da ɓera da gafiya suna biyo shi. Abubuwa biyu ne suka fi damun masu amfani da mazubi: kuskure wajen haɗawa da kafawa, da kuma ɓarnar waɗannan dabbobi. Matsalolin biyu a haɗe suke, domin galibi ta inda aka yi sakaci wajen haɗawa ɓarawon yake shiga. Haka nan dabarar da ke tare kuregen bishiya na Amurka ba lallai ta tare kuregen ƙasa na Afirka ba, tunda ɗaya daga sama yake zuwa, ɗayan kuma ta ƙasa.

Tarihi

Watsa wa tsuntsaye hatsi tsohuwar al'ada ce a sassan duniya da dama. Marubucin nan na Amurka, Henry David Thoreau, wanda ya zauna a bakin tafkin Walden daga 1845 zuwa 1847, ya ba da labari a littafinsa Walden na 1854 cewa ya riƙa jefa masara a kan ƙanƙara kusa da ƙofarsa, kuma jajayen kuregen daji suna cikin waɗanda suka fi zuwa ci. Ke nan tun kafin a fara ƙera mazubi na sayarwa, kurege ya riga ya shiga cikin rabon tsuntsaye.

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, wani masanin tsuntsaye ɗan ƙasar Jamus, Hans von Berlepsch, wanda ya rayu daga 1857 zuwa 1933, ya yi gwaje-gwaje a gidansa na Seebach kan gidajen tsuntsaye da mazubai masu rufi da ke kare abinci daga ruwa da ƙanƙara. A shekarar 1969 Peter Kilham na jihar Rhode Island a Amurka ya fito da mazubi mai siffar bututu, wanda kamfaninsa na Droll Yankees ya riƙa sayarwa, kuma siffar ta yaɗu ƙwarai. Daga baya kamfanoni suka koma gasar ƙera mazubin da kurege ba zai iya ci daga cikinsa ba. Droll Yankees ya yi Yankee Flipper, mai ɗan inji da ke juya matakin da zarar abu mai nauyi ya hau, kamfanin Brome na ƙasar Kanada kuma ya yi Squirrel Buster, wanda ke rufe ƙofofinsa da nauyin kuregen.

Ciyar da tsuntsayen daji ya kuma zama hanyar ƙidaya su. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, wadda aka kafa a 1889, tana gudanar da ƙidayar tsuntsayen lambun gida kowace shekara tun daga 1979. A Amurka da Kanada akwai shirin Project FeederWatch, wanda ya samo asali a lardin Ontario a 1976, aka faɗaɗa shi a 1987 tare da Jami'ar Cornell.

A Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin masarautar Dutse, a jihar Jigawa da aka cire daga jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Gwaram tana iyaka da jihar Bauchi. Yankin na manoma ne, ana shuka gero da dawa da masara da gyaɗa da wake da riɗi, ana kuma yin shinkafa da kayan lambu a fadamu. Damina takan kama daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuma rani ne.

Manomin wannan yanki ba ya kiran tsuntsayen daji zuwa ga hatsinsa. Korarsu yake yi, domin jan-baki da marai suna iya cinye gero da dawa tun suna tsaye a gona. Tsuntsayen da ake ciyarwa su ne na cikin gida, kuma dukiya ce. Mata da yara ne suka fi riƙe kaji da zabi, ana sayar da su ko ƙwansu a kasuwannin yankin, irin su ta Birnin Kudu da ta Sara, idan buƙata ta taso, ana kuma yanka su da sallah ko idan an yi baƙo. Tantabaru kuwa samari ne suka fi kiwonsu, a cikin tukwane da ake jerawa bisa katanga, ko a ɗan ɗakin laka mai ƙofofi ƙanana, ko a akwatunan katako.

Abincin da ake ba su shi ne tsakin gero ko dawa, da dusa, da ragowar tuwo, sai kuma gara da ake ɗebo wa 'yan tsaki da 'ya'yan zabi. Masu kiwon kajin gidan gona suna sayen haɗaɗɗen abinci na buhu, suna zuba shi a mazubin roba ko na kwano da ake ratayewa. Kusan kayan ɗaya ne da abin da ake sayarwa a Turai da Amurka da sunan abincin tsuntsaye, domin a can ma ana haɗa nau'o'in gero da dawa da gyaɗa da fasasshiyar masara da 'ya'yan furen rana. Bambancin shi ne a can nishaɗi ake nema, a nan kuwa kowane mudu da dabba ta sace daga abincin gida ya fita.

A tsakiyar gari ɓera da gafiya ne manyan ɓarayi. Kurege yana fitowa ne a gidajen bakin gari, da ƙauyuka, da rugage, da lambuna, da ɗakunan kaji da aka gina a gona. Duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, waɗanda suka shahara da zanen mutanen dā a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da suri, da gindin manyan itatuwa, duk irin wuraren da kurege ke haƙa raminsa ne.

Ire-irensa

Mazubi mai faɗi shi ne mafi sauƙi: tire, ko kasko, ko faifai, ko allon katako da aka ɗora bisa ƙafafu. Kowane tsuntsu yana iya ci daga cikinsa, haka ma kowace dabba, kuma kashin tsuntsaye yana haɗuwa da abincin.

Mazubi mai ma'aji yana da tulu ko akwati a sama da tire a ƙasa. Hatsin yana gangarowa da kansa gwargwadon yadda aka ci. Irin wannan ne masu kajin gidan gona suke amfani da shi, ana kuma yin sa a gida da bokiti da faranti.

Mazubi mai bututu dogo ne, yana da ƙananan ƙofofi da matakai a jikinsa, an yi shi ne domin ƙananan tsuntsaye. Akwai kuma na ragar ƙarfe da ake cika shi da gyaɗa, tsuntsu ya maƙale a jiki yana tsinka.

Mazubi mai matakin buɗewa na kaji ne. Akwati ne mai marfi, wanda ba ya buɗewa sai kaza ta taka wani faranti da ke gabansa. Da ta sauka, marfin ya koma.

Kurege iri biyu

Kuregen da aka sani a ƙasar Hausa shi ne kuregen ƙasa mai farin layi a kowane gefe na jikinsa. A kimiyance ana kiransa Euxerus erythropus, a dā kuma Xerus erythropus, kuma masanin Faransa Étienne Geoffroy Saint-Hilaire ne ya bayyana shi a 1803. Ana samunsa daga Senegal da Muritaniya har zuwa Habasha da Kenya. Tsawon jikinsa yakan kai santimita 22 zuwa 29 ban da wutsiya, nauyinsa kuma daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Da rana yake yawo, ya kwana a rami. Yana da dogayen farce masu ƙarfi na haƙa, amma bai ƙware a hawan bishiya ba. Yana cin 'ya'yan itatuwa da saiwoyi da ƙwari da ƙwai, a gona kuma yana tone irin gyaɗa da na masara bayan an shuka, yana ɓarnata rogo da dankali. Yakan kwashi abinci ya binne a wurare daban-daban domin gaba, shi ya sa abin da yake ɗauka daga mazubi ya fi abin da cikinsa zai ci a lokacin. A dazuzzukan yankin savana akwai kuma wani ƙaramin kuregen bishiya mai suna Heliosciurus gambianus, amma na ƙasan ne manoma suka fi kuka da shi.

Wanda ya addabi masu lambu a Amurka da Birtaniya shi ne kurege mai launin toka, Sciurus carolinensis. Asalinsa gabashin Amurka ta Arewa ne, an kai shi Ingila a 1876, ya yaɗu har ya kori jan kuregen ƙasar daga yawancin wurarensa. Nauyinsa yakan kai giram 400 zuwa 600. Yana iya juya ƙafafunsa na baya su kalli baya, don haka yana saukowa daga bishiya da kai a ƙasa, yana kuma iya rataye da ƙafafun baya yana ci da na gaba. Yana tsalle sama kusan mita ɗaya da rabi, a kwance kuma fiye da mita 2, kuma yana bin igiya ko waya.

Abin da ya haɗa su biyun, da ɓera da gafiya, shi ne haƙoran gaba da ba su daina tsiro har mutuwa. Dole ne su riƙa gaigayar abu mai tauri, kuma roba da katako da ƙwarya da buhu ba su tsaya musu. Ƙarfe da gasasshen yumɓu da siminti ne suke gagararsu.

Hanyoyin kariya

Wuri. Wannan ne matakin farko, kuma ba ya cin kuɗi. Inda kuregen bishiya yake, ana kafa mazubi aƙalla mita 3 daga bishiya ko katanga ko rufin ɗaki, a tsawon da bai gaza mita ɗaya da rabi ba. Inda kuregen ƙasa yake, abin lura shi ne nisa daga rami da suri da tarin kara ko itace, da share ciyawar da ke kewaye, domin ba ya son ratsa fili inda shaho ko kare zai gan shi.

Mazurari a kife. Ana yanka langa-langa ko kwanon rufi, a naɗe shi kamar mazurari, a ɗaura a jikin sandar da bakinsa yana kallon ƙasa. Dabbar da ta hawo sai ta tarar da rufi mai santsi a kanta, ba ta da abin kamawa. Irin wannan ne ake sa wa ƙafafun rumbun masara na zamani domin ɓeraye, a tsawon kusan mita ɗaya daga ƙasa. Mazubin da aka rataye kuma ana kifa masa mazurarin a sama.

Keji. Ana kewaye mazubin da raga mai ramukan da ba su wuce santimita 4 ba, ƙananan tsuntsaye su shiga, kurege ya tsaya a waje. Wannan ba ya tare ɓera. Ragar da ke hana ɓera sai mai ramin milimita 12, ƙananan ɓeraye kuma sai mai milimita 6, kuma ta haka tsuntsun ma ba zai shiga ba. Saboda haka irin wannan raga a jikin akurki ko ɗakin tantabaru ake sa ta.

Nauyi. Mazubai irin su Squirrel Buster suna da sifirin a ciki. Idan abin da ya hau ya fi nauyin da aka saita, murfi ya zame ya toshe ƙofofin. Dabarar tana aiki ne saboda tsuntsayen lambun Turai da Amurka yawancinsu ba su kai giram 100 ba, kuregen kuma ya ninka su sau da yawa. A gidan da ake kiwo ba haka lissafin yake ba. Tantabara takan kai giram 300 ko fiye, babbar zabuwa kuma ta wuce kilo ɗaya, wato ta fi kuregen kansa nauyi. Abin da ya dace da kaji da zabi shi ne mai matakin buɗewa, wanda nauyi ke buɗe shi maimakon rufe shi. Ɓera ba ya iya danna shi, amma babban kurege ko gafiya suna iyawa idan an saita matakin da sauƙi.

Barkono. Sinadarin da ke sa barkono yaji, kafsaisin, yana ƙona bakin dabbobi masu shayarwa, amma tsuntsaye ba su jin sa. A 2002 Sven-Eric Jordt da David Julius suka nuna dalilin: mai karɓar saƙon zafi da ke jijiyoyin tsuntsu ba ya amsa wannan sinadari. Shi ya sa ake sayar da hatsin tsuntsaye da aka cuɗa da barkono. Yana rage zuwan kurege, sai dai yunwa takan sa wasu su jure, garin barkonon kuma yana shiga idon mai zubawa idan akwai iska.

Lokaci. Kurege da rana yake fita, ɓera da gafiya da dare. Zuba abin da tsuntsaye za su cinye a zama ɗaya, safe da yamma, a kwashe saura a kife kaskon kafin magariba, yana hana masu zuwan dare samun komai.

Matsalolin haɗawa da kafawa

Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin mazuban da ake cewa sun kasa, ba a haɗa su daidai ba ne, ko an kafa su inda bai kamata ba.

Na kanti sukan zo a wargaje cikin kwali, da takardar bayani mai zane. Matsalolin da aka fi samu su ne ramukan noti da ba su yi daidai da juna ba, da ɓacewar ƙananan ƙarafa, da sa wani sashe a juye. Idan aka ɗaure noti ɗaya tamau tun kafin a sa sauran, ragowar ramukan sukan kauce. Ƙa'ida ita ce a sa duka a sassauce, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana ƙarawa. Ɗaurewa fiye da kima a jikin roba kuma yana tsaga ta, kuma daga tsagar nan haƙori yake farawa.

A mazubi mai sifirin, murfin da ke zamewa yana buƙatar ya yi tafiyarsa ba tare da ya gogi komai ba. Idan aka rataye shi a karkace, ko ɓawon hatsi ya cika hanyar, sai ya maƙale a buɗe ko a rufe. Idan kuma aka rataye shi dab da sanda ko reshe, kurege yakan riƙe sandar da ƙafafun baya ya miƙo jiki ya ci, nauyinsa bai sauka a kan mazubin ba, don haka ƙofa ba za ta rufe ba. Masu ƙera shi suna ba da shawarar a bar tazarar kusan rabin mita a kowane gefe.

Mazurari yana da nasa kurakuran. Idan ya yi ƙasa, dabba ta tsallake shi. Idan ramin tsakiyarsa ya fi sandar faɗi, ɓera ya bi ta tsakani. Idan bai da faɗi, kurege ya kama bakinsa ya haye. Idan kuma aka jingina tsani ko itace ko fartanya a jikin sandar, an yi wa ɓarawo gada.

A mazubi mai ma'aji na bokiti da faranti, tazarar da ke tsakanin gindin bokitin da farantin ita ce komai. In ta yi yawa, hatsi ya malalo ƙasa, kaji su watsar da shi, kuma zubabben hatsi shi ne ke fara kiran ɓera. In ta yi kaɗan, dusa ta toshe. Ana rataye shi yadda bakin farantin zai yi daidai da bayan kazar, a riƙa ɗaga shi yayin da suke girma.

Yanayin kudancin Jigawa yana ƙara wasu matsalolin. Zafin watannin Maris zuwa Mayu, da yakan haura digiri 40, yana busar da roba har ta riƙa karyewa. Ƙurar hunturu tana shiga sifirin da mahaɗan marfi. Gara tana cin sandar katako daga ƙasa, iskar farkon damina kuma tana kayar da wadda ba a binne da zurfi ba. Saboda haka sandar ƙarfe da aka dasa da siminti ta fi ta itace daɗewa, kuma mai walda ko maƙeri na gari yana iya ƙera mazurari da marfi daga kwanon rufi. Wasu sukan shafa wa sanda baƙin mai ko man girki don ta yi santsi. Wannan yana ɓata gashin tsuntsaye, kuma da ƙura ta manne a kai santsin ya ƙare.

Ga kuregen ƙasa da gafiya, wurin da aka fi yin sakaci shi ne gindin akurki. Ragar da ta tsaya a kan ƙasa ba ta hana mai haƙa. Ana binne ta aƙalla santimita 30, a lanƙwasa ƙarshenta waje, ko a yi daɓen siminti. Ƙofa ma sai ta zauna daidai, domin ɗan tazarar da yatsa zai shiga ya ishi ƙaramin ɓera.

Misalin rumbu

Yawancin waɗannan ƙa'idoji suna cikin ginin rumbu tun dā. Ana ɗora rumbu ko rufewa bisa duwatsu domin ya rabu da danshi da gara da masu haƙa rami. Jikin rufewa na laka a shafe yake, cikinta ya fi gindinta faɗi, don haka mai hawa sai ya bi ta ƙarƙashin kumburi, kamar dai mazurarin da aka kife. Ƙofar tana sama, an rufe ta da jinka, tsani kuma ana ɗauke shi bayan an gama ɗiba. Inuwar da ke ƙarƙashi kaji ne ke kwana a ciki, suna tsince abin da ya zuba da ƙwarin da suka taru.

Ajiyar abincin tsuntsaye ma haka take. Buhun da aka jingina da bango a ƙasa ba ya kwana lafiya. Duro ko garwa mai marfi ta fi. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 domin ajiyar wake, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, amma da ɓera ya huda shi amfaninsa ya ƙare, shi ya sa ake ɗora shi bisa katako nesa da bango.

Lafiyar tsuntsaye da ta mutane

Mazubin da ruwa ke shiga yana sa hatsi ya yi fumfuna. Gyaɗa da masara suna kama wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus, wadda ke fitar da gubar afulatoksin. An gano gubar ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa daga Brazil. Tana lalata hanta, a tsuntsu da mutum. Ba wa kaji ruɓaɓɓiyar gyaɗa ko masarar da aka tsince daga ta sayarwa yana jawo asara ta wannan hanya. Ƙananan ramuka a gindin tire, da marfin da ya zarce bakin mazubin, suna rage danshi.

Taruwar tsuntsaye wuri ɗaya tana yaɗa cuta. Wata ƙwayar cuta mai suna Trichomonas gallinae, wadda aka daɗe da sani a maƙogwaron tantabaru da kurciyoyi, ta ɓulla a ƙananan tsuntsayen lambu na Birtaniya daga 2005, ta rage yawan wasunsu ƙwarai. Ta hanyar abinci da ruwan da mai cutar ya taɓa take yaɗuwa. Murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ita ma dalili ce ta raba mazubin kaji da inda tsuntsayen daji ke sauka. Wanke mazubi da ruwan zafi da sabulu kowane mako, a shanya shi a rana ya bushe sarai kafin a sake zubawa, yana rage haɗarin.

Ga mutane, babban haɗarin shi ne ɓera. Ɓeran da ake kira Mastomys natalensis yana ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Tana kama mutum ta abinci ko kayan da fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa, kuma jihar Bauchi, maƙwabciyar Gwaram, tana cikin jihohin da aka fi samun ta a Najeriya. Hatsin da ya kwana a tsakar gida kusa da madafa yana jawo ɓeran zuwa inda abincin mutane yake. Zuba maganin ɓera kusa da mazubi kuma yana kashe kaji da kyanwa, yana kuma jefa yara cikin haɗari. Tarko da toshe rami da tsafta sun fi aminci.

A al'ada

A tatsuniyoyin Hausa kurege ƙaramar dabba ce mai wayo, wadda takan yaudari manya, musamman kura, ta tsira ta hanyar faɗawa rami. A karkara samari suna farautarsa da rani da karnuka da sanduna, ana kuma cin namansa. A Birtaniya doka ta hana sakin kurege mai launin toka bayan an kama shi, saboda ana lissafa shi cikin baƙin dabbobi masu ɓarna. Duk da haka wayonsa ya zama abin kallo. Tashar BBC ta nuna wani shiri mai suna Daylight Robbery a 1988, inda aka shirya wa kurege jerin shingaye kafin ya kai ga gyaɗa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya isa. A 2020 injiniyan Amurka Mark Rober ya yi irin wannan gwaji a bayan gidansa ya sa a YouTube, bayan kurege sun cinye masa abincin tsuntsaye, kuma a nan ma sun kai ga abincin.

Duba kuma

Kurege
Tantabara
Rumbu
Zazzaɓin Lassa
Birnin Kudu
Gwaram